Wutar Da Muke Sata Ita Ke Jefa Mu Cikin Duhu

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ke yaɗuwa a Tudun Wadar Zariya, kuma ta kai matsayin da yin shiru a kanta ya zama haɗa baki da masu yinta. Ina nufin satar wutar lantarki, da abokiyar tafiyarta da ba sa rabuwa, wato almubazzaranci da wutar. A da, wanda ya zagaye mita ɓoyewa yake yi, ko 'ya'yansa ba ya so su sani. Yau a majalisa ake zancen, ana kurɓar shayi. Sai ka ji magidanci mai furfura yana tambayar na kusa da shi, "Wa ya yi maka naka baifas ɗin? Turo mini shi." Babu mai kau da kai don kunya, babu mai cewa a ji tsoron Allah. Wanda ya ƙi yi ma shi ake yi wa kallon wanda bai waye ba. Daga Agoro zuwa Magume, daga Gyallesu zuwa Tudun Jukun da Tukur-Tukur, abin ya shiga gidan attajiri, ya shiga gidan ma'aikaci, ya shiga shago, ya shiga gidajen hayar ɗalibai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya shiga gidajen mutanen da ake sa su a gaba wajen salla.

Kowa ya san yadda ake yi. Wani yaro ne zai zo da tsani da filaya, da dare ko da sassafe kafin layi ya cika da mutane. Kafin a tafasa ruwan shayi ya gama. Ƙwan fitila da fanka ya bar su a kan mita, don ta riƙa motsi kaɗan-kaɗan, mai gida ya riƙa sayen katin dubu biyu saboda idon ma'aikata. Firiza da hita da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki kuwa sun koma kan wayar da aka ɓoye a cikin silin. Ya karɓi 'yan kuɗinsa ya wuce gida na gaba. Ba a tambayarsa kaurin wayar da ya sa, ba a tambayarsa ko ya bar fiyus a hanya, kuma shi ma sau da yawa bai san amsar ba. Ranar da wayar nan ta yi zafi a cikin silin, tsakanin katako da ƙura, iyali na barci a ƙasa, ba za a ga ƙeyarsa ba.

Daga ranar da aka yi wannan aiki, halin mutanen gidan yake canzawa, kuma nan ne ɓarnar ta fi muni. Wutar da ba a biya ba, ba a tattalinta. Matar da a da take dafa wake da gawayi sai ta ɗora shi a hot-filet tun hantsi ta tafi barka. Hita tana cikin bokiti har ruwa ya ƙafe. Ƙwan ƙofar gida yana ci da tsakar rana, rana na dukansa, babu mai miƙa hannu ya kashe. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a ɗakin da babu kowa, taga a buɗe. Gidan da ba shi da mita kwata-kwata, wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, shi ma haka yake yi, da hujjar cewa ko ya sha ko bai sha ba kuɗin ɗaya ne, gara ya fanshe. Kowa yana fanshewa, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa a jikin wa yake fanshewar.

Bari in faɗa maka a jikin wa. Taransifomar da ke bakin layinku kamar jaki take: akwai iyakar kayan da za ta iya ɗauka, in aka wuce sai ta durƙushe. Yawancin waɗanda ake kafawa a unguwanni irin namu masu ƙarfin 300 ne ko 500 a ma'aunin kVA. Ɗauki mai 300. Abin da za ta iya bayarwa lafiya bai wuce wat dubu 240 ba ko kusa da haka. Gidan da ke da ƙwayaye masu tsimin wuta, da fanka biyu, da talabijin, da cajin waya, wat 300 ya ishe shi. Da irin wannan lodi, taransifomar za ta riƙe gida ɗari takwas ba ta ko yi gumi ba. Amma hot-filet guda ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa 1,500. Ke nan hot-filet 160 kacal, in aka kunna su lokaci guda, sun cinye ƙarfinta kaf, ba a bar wa kowa ko na ƙwai ɗaya ba. Ƙara hita, ƙara dutsen guga, ƙara injin walda da aka saƙala a falwaya ba tare da sanin kowa ba. Kuma lokaci guda ake kunna su, domin rayuwarmu iri ɗaya ce: bayan magariba kowa ya dawo gida, ana girkin dare, ana guga, ana kallo, da hunturu kuma, daga kiran assalatu zuwa fitar yara makaranta, kusan kowane gida akwai hita a cikin ruwa.

Akwai wata ƙa'ida da duk mai aikin lantarki na gaskiya ya sani. In wutar da ke bi ta cikin waya ta ninka sau biyu, zafin da wayar ke yi sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka ƙarin lodi kaɗan yana haifar da zafi mai yawa. Man da ke cikin taransifoma, wanda aikinsa sanyaya ta da raba wayoyinta, sai ya yi ta dahuwa har ya lalace. Kafin ta ƙone tana ba da sanarwa, mu ne ba ma saurare. Ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar, firji yana gurnani ya kasa tashi. Mu ce "yau lo-karan suka kawo", mu zagi NEPA. Alhali sau da yawa wutar lafiya ta iso unguwar, mu ne muka yi mata rubdugu. A irin wannan hali ne injin firji da na famfon burtsatse suke ƙonewa, domin in ƙarfin wuta ya faɗi, inji yakan ja fiye da ƙima don ya tashi, har ya gasa kansa.

Sai kuma canjin fes, wanda ya zama kamar wasan yara. Layuka uku ne ke fitowa daga taransifoma, an tsara a raba musu gidaje daidai wa daida. Da zarar ɗaya ya yi rauni, sai ka ga tocila tana haskawa a ƙofar kowane gida, ana cire kat-awut ana mayarwa kan layin da ya fi haske. Cikin minti ashirin duk unguwa ta koma kan layi guda. Shi ma ya durƙushe, fiyus ya tashi. Maimakon a tsaya a tambayi dalili, sai a sami wani ya je ya ɗaura waya mai kauri a gurbin fiyus ɗin don kada ya sake tashi. Fiyus kuwa an yi shi ne don ya mutu a madadin taransifoma. Wanda ya hana shi mutuwa ya yanke wa taransifomar hukunci. Wata rana da dare sai a ji ƙara, a ga tartsatsi da hayaƙi, mai ya tsiyaye a ƙasa, shi ke nan.

Abin da ke biyo baya ba sai na ba mutumin Tudun Wada labari ba. Makonni a cikin duhu, wani lokaci watanni. A kafa kwamiti, a ɗauko littafi, a bi gida-gida ana karo-karo. A ƙa'idar hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki, gyaran taransifoma da sayen falwaya nauyin kamfani ne, ba na jama'a ba, amma wanda ya gaji da duhu ba ya tsayawa jiran ƙa'ida. To a nan ne zaluncin yake fitowa fili. Kuɗi ɗaya ake yanka wa kowane gida. Bazawarar da ke da ƙwai biyu da fanka ɗaya, wadda take ƙulla zoɓo da kunun aya tana kaiwa firizar maƙwabta, daidai take biya da mai na'urar sanyaya ɗaki uku a kan wayar sata. Shi ya kashe taransifomar, ita ta biya diyya. Shi yana da janareta ko sola, daren farko ma bai kwana a duhu ba. Ita kuwa sana'arta ta tsaya cak. Telan da ya karɓi ɗinkin biki ya koma sayen fetur, ribarsa ta tafi a hayaƙi. Mai niƙa ya ƙara kuɗi. Mai kurar ruwa ya ƙara kuɗin jarka saboda burtsatse ya koma kan inji. Ɗalibin Kongo ko na Gyallesu da ke shirin jarrabawa ya koma karatu da hasken waya. Mai ciwon sukari da ke ajiye allurarsa a firji ya shiga neman inda zai kai ta. Duk wannan a wuyan wa yake?

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jinta: "Ai wutar gwamnati ce, haƙƙinmu ne." Wannan magana ta daɗe da mutuwa, masu yinta ne ba su je jana'izar ba. NEPA da muke ta kiran sunanta an kafa ta a 1972, ta zama PHCN a 2005, kuma a 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Namu na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara, a ƙarshen 2014 aka miƙa shi. Sayen wutar yake yi ya sayar, kuma duk yunit ɗin da aka sha ba a biya ba bashi ne da ke hawa kansa. Ko da ma ta gwamnatin ce, yaushe dukiyar jama'a ta zama halal ga wanda ya fi kowa dogon tsani? Mu ne muke tsine wa ɗan siyasar da ya wawure baitulmali. Bambancinmu da shi yawan abin da hannu ya kai ne kawai.

Ba ina wanke kamfani ba ne, kuma duk wanda ya ce talaka ba shi da abin kuka a wannan harka bai yi adalci ba. Bil na ƙiyasi zalunci ne da ya daɗe. Har yau miliyoyin masu amfani da wuta a Nijeriya, kusan rabinsu, ba su da mita, duk da shirye-shiryen raba mitoci da aka ƙaddamar a 2018 da 2020. Hukumar NERC ta sa iyaka a kan abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita tun Fabrairun 2020, kuma a farkon 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare wannan iyaka. Ga tsada: a Afrilun 2024 aka ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauto da shi zuwa 209.5. Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta fito a wannan shekarar tana kukan cewa bil ɗinta ya doshi naira miliyan 300 a wata. Kuma ƙin biya ba daga talaka ya fara ba: a Agustan 2024 har gidan gwamnatin Kaduna kamfanin ya yanke wa wuta a kan bashin da ya ce ya kai naira biliyan 2.9. Duk wannan gaskiya ne. Wanda aka zalunta da bil yana da hanya: ya rubuta ƙorafi, in ba a saurare shi ba ya kai gaban zauren sauraron koke na hukumar NERC, ya haɗa kai da maƙwabta su nemi mita da murya ɗaya. Amma wanda ya ce zai rama ta hanyar baifas, bai taɓa ko gashin kan mai kamfani ba. Maƙwabciyarsa ya rama a kanta.

Dubi inda abin ya kai mu. Rahotannin hukumar NERC sun daɗe suna sa kamfanin Kaduna cikin waɗanda suka fi kowa asara a ƙasar nan, inda fiye da rabin kuɗin wutar da ya karɓo ba ya dawowa, tsakanin wadda ta zube a tsofaffin wayoyi, da wadda aka sace, da wadda aka sha aka ƙi biya. A Janairun 2024 hukumar ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin da ya kai wajen naira biliyan 110. Kamfanin da ke cikin wannan hali da me zai sayi sabuwar taransifoma? Kuma in wutar da aka ba shi ta yi kaɗan, wace unguwa zai fara ba, wadda ke biya ko wadda ke sata? Mu da hannunmu muke tura unguwarmu ƙarshen layi, sannan mu dawo muna tambaya me ya sa wasu ke samun awa ashirin mu muna samun huɗu.

Wutar kuma da ma kaɗan ce. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna nan a Arewa, amma hanyoyin da ke kawo mana wutar ƙalilan ne, kuma mun ga abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta. Mun ga yadda ƙanƙara ta zama zinariya, cajin waya ya zama abin bin layi. Wanda ya ɗanɗani wannan, ya kuma koma yana barin ƙwai a kunne da rana tsaka, ban san irin wa'azin da zai shige shi ba.

Wasu al'ummomin sun shiga irin wannan ƙunci, suka fita, kuma ba da sihiri ba. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1930, gida tara cikin goma na karkara ba su da lantarki, domin kamfanoni sun ce kai musu waya ba riba. A 1935 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar samar da lantarki a karkara, ta riƙa ba manoma rance, su kuma suka kafa ƙungiyoyin gama-kai, suka kafa turaku, suka ja waya da kansu. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai wajen 900, suna ba mutum miliyan 42 wuta. Mai shan wutar shi ne mai ƙungiyar. Shi ke zaɓen shugabanni, kuma in an sami rara shi ake mayar wa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke yi da lokacin cunkoso. Ƙungiyar sarin wuta take yi, kuma kuɗin sarin yana hawa ne gwargwadon yadda lodi ya yi tsiri a sa'o'in da kowa ke kunna kaya. Saboda haka sai su roƙi mamba, da yardarsa, su sa wata 'yar na'ura a jikin tankin dafa ruwansa, wadda za ta kashe shi na 'yan sa'o'i in lodi ya yi yawa, a rage masa wani abu a bil. Suna tura ma'aikaci ya zagaya gidan mamba ya nuna masa inda wuta ke zurarewa. Wasu har rance suke bayarwa a gyara gida ko a canza tsohuwar na'ura, a riƙa cira a hankali daga bil. Mutanen da wuta ta wadace su ke nan suke wannan tattali, saboda sun san in maƙwabci ya yi ɓarna, aljihun kowa ne zai ji.

Kada a ce ai wannan ƙasar masu kuɗi ce. Bangaladash ta ɗauki wannan tsari a 1977, kuma ƙungiyoyinta na karkara guda 80 su ne suka kai wuta ƙauyukan ƙasar. Ga Gana nan kusa da mu. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta, tana karɓe tsofaffin masu zafi. Wannan kaɗai ya rage lodin lokacin cunkoso da megawat 124, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin Shiroro mai megawat 600, ba tare da an gina ko tubali ɗaya ba. Daga 2013 kuma suka hana shigo da firjin gwanjo, irin wanda mu har gobe muke rububinsa, muna murnar araha, yana shan wutar firji biyu ko uku.

Mu ba mu da ƙungiyar gama-kai ta lantarki, amma muna da irinta a ƙasa, ba mu shuka ba ne. Kusan kowace taransifoma a Tudun Wada tana da kwamitinta, da shugaba da ma'aji da littafi. Matsalar ita ce kwamitin jana'iza ne: ba ya taruwa sai ta mutu. Me zai hana ya riƙa zama tana da rai? Ya ƙirga gidajen da ke kanta, ya san mai injin walda da mai firiza goma na sayar da ƙanƙara da mai injin markaɗe. Ya nemi ma'aikatan kamfani su zo da ma'auni a raba gidaje a kan layuka uku daidai, a kuma hana kowa taɓa kat-awut. A yi yarjejeniya a gaban mai unguwa cewa daga magariba zuwa ƙarfe goma ba walda, ba hot-filet, ba hita; mai guga ya yi da hantsi, mai cika tanki ya cika da rana. Kuɗin da ake tarawa bayan ta ƙone, a tara rubu'insa tun yanzu a saro ƙwayaye masu tsimin wuta a raba wa marasa ƙarfi. A kewaye taransifomar, a sa mata haske da ido, saboda ɓarayin mai da na kebur. Kuma a daina yanka kuɗi ɗaya ga kowa: mai babban lodi ya ɗauki babban kaso.

Lissafin ƙwai kaɗai ya isa ya farkar da mai hankali. Tsohon ƙwai mai wat 60, in yana ci awa goma a rana, yunit 18 yake sha a wata. A farashin rukunin A na naira 209.5, wannan ya haura naira 3,700. Ƙwan zamani mai wat 9, wanda haskensa bai gaza na wancan ba, bai kai yunit 3 ba, kuɗinsa bai kai naira 600 ba. Ƙwai nawa ne a gidanka? Da yawa daga cikin masu cewa tsada ce ta tura su sata, da sun canza ƙwayaye, sun mayar da girki kan gas ko gawayi, sun gyara robar ƙofar firji, sun riƙa tara guga a yi ta sau ɗaya, da sun ga katin da suke saye ya kai su ƙarshen wata ba tare da sun ɗauki haƙƙin kowa ba.

Ina kira ga malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku, ku yi wannan magana a kan mumbari, ku kira ta da sunanta. Mutane suna tambayarku hukuncin abubuwa ƙanana, amma ba sa tambaya a kan ruwan alwalar da aka ɗumama da wutar sata, ko abincin buɗa-baki da aka dafa da ita, domin sun san amsar. Addinin da ya hana ɓarnar ruwa wajen alwala ba zai yarda da ƙwan da ke ci da rana ba. Ku fara da duba wayar masallatai da makarantun Islamiyya, a tabbatar ta hanya ta shigo. Haka nan shugabannin coci-coci da ke cikinmu.

Masu gidajen haya, musamman na ɗalibai da ke kewayen Kongo da Gyallesu, ku ne kuka fi kowa sanin abin da ke cikin silin ɗinku. Ɗaki ashirin, kowanne da hot-filet da hita, a kan waya ɗaya siririya da aka ja tun gidan yana ɗaki huɗu. 'Ya'yan mutane ne a ciki, amana ce iyayensu suka bar muku. Ku sa mita, ku sa fiyus na ƙwarai, ku kira ƙwararre ya sake wayarin, tun kafin a wayi gari ana jajanta muku. Iyayenmu mata, hita a cikin bokiti ta sha kashe yara, ta sha tayar da gobara in an ɗauke wuta aka manta ba a zare ba aka dawo da ita tsakar dare. In an ɗauke wuta, a zare komai kafin a kwanta.

Ku kuma samari masu tsani, sana'ar lantarki sana'a ce mai daraja da ake nema ko'ina, ga aikin sola nan yana ta bunƙasa. Kada ku sayar da ita a kan 'yan dubban da ba za su biya kuɗin asibiti ba ranar da aka kawo wuta kuna kan falwaya. Doka ma ta daina wasa. Dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri ga mai satar wuta, kuma daga Janairun 2025 hukumar NERC ta sa tarar naira 100,000 ga wanda aka kama da baifas karon farko a kan mita mai layi ɗaya, naira 200,000 a kan mai layi uku, ban da biyan kuɗin wutar da aka sha a baya. Mai gidan da ke yi muku murmushi yau, ranar da aka kama shi sunanku zai fara faɗa.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan waya a gidanka, kada ka jira kwamiti, kada ka jira huɗuba. Ka kira ƙwararre a wannan makon ya cire ta, ka je ka nemi mita in ba ka da ita, ka kuma sami mai unguwarku ka ce masa a kira taron taransifoma tun tana da rai.